Tarukan AA cikin maganar hannu: abin da kurma zai samu a cikinsu

Tun daga 1935, lokacin da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka haɗu a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, take tafiya a kan abu guda: wanda barasa ta kama ya zauna da ɗan'uwansa mai irin matsalarsa, ya faɗi halin da yake ciki, a saurare shi. Tsarin da aka gina a kan faɗa da saurare kuwa yana iya barin kurma a tsakiyar jama'a alhali shi kaɗai ne, shi ya sa na duba abin da ƙungiyar ta tanadar wa kurame da masu nauyin ji.

Bidiyonta ya cancanci yabo. Babban littafin ƙungiyar, wanda ya fara fitowa a 1939, an mayar da shi cikin maganar hannu ta Amurka, wato ASL, ana kuma kallonsa kyauta a shafinta na intanet. Wani zai ce ai kurma yana da ido, me ya hana shi karantawa? To, ASL harshe ne mai zaman kansa da nahawunsa, kuma ga kurame da yawa rubutun Turanci harshe ne na biyu. Matakin farko cikin matakai 12 da ƙungiyar ta tsara don barin barasa, inda mutum yake amsa cewa barasa ta fi ƙarfinsa, ba magana ce da za a laluba da ƙamus ba.

Tarukan kuma ba darajarsu ɗaya ba. A ganina, waɗanda kurame suke jagoranta da kansu, ana yin komai da hannu ba tare da tafinta ba, su ne zuciyar wannan hidima. Tarukan bidiyo ta manhajar Zoom, da suka yawaita tun annobar korona a 2020, sun sa kurman da ke nesa da 'yan'uwansa yana iya halarta daga ɗakinsa. A nan ne yake ganin wani kurma da ya shekara bai taɓa kwalba ba, ya kuma samu jagoran da zai kira ta bidiyo da tsakar dare idan ƙishin barasar ya taso.

Taron masu ji da aka kawo wa tafinta yana da amfani, amma yana da cikas biyu. AA ba ta karɓar gudummawa daga waje, don haka kuɗin tafinta yawanci daga ɗan abin da mahalarta suke tarawa yake fitowa, ƙaramin taro kuwa ba kullum yake iya biya ba. Na biyun ya fi damuna: al'ummar kurame ƙarama ce, kusan kowa ya san kowa, kuma duk da cewa ƙa'idar aikin tafinta ta wajabta masa riƙe sirri, mutum yana iya nauyin buɗe cikinsa a gaban wanda ya taɓa yi masa fassara a wurin aiki. Rubutun da kwamfuta take fitarwa a ƙasan allo kuwa ya fi dacewa da wanda ya rasa jinsa bayan ya girma, kuma yakan kuskure kalmomi.

Wanda harshensa ba ASL ba ne, kamar kurman Ingila, ba zai bi bidiyon ba, domin maganar hannunsu daban take. Sannan AA ba asibiti ba ce. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya daina lokaci guda, yana iya fuskantar karkarwa, farfaɗiya da gushewar hankali har rai ya salwanta, saboda haka likita ne farko. A Amurka, dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990 ta ɗora wa asibitoci nauyin samar da hanyar sadarwa da kurma zai fahimta, kuma yana da ikon neman tafinta tun ranar da ya shiga.