Asibitin haƙorin da ya ƙi yi mini dashe sai da ya leƙa kogon kuncina

Shekara shida ke nan da aka cire mini turame biyu na sama a ɓangaren hagu, kuma tun daga lokacin nake tauna da gefe ɗaya, har rake da kilishi suka fita daga cikin abin da nake ci. A watan Disambar da ya wuce na yanke shawarar a yi mini dashen haƙori, wato a kafa ƙusar taitaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi sannan a ɗora haƙorin roba mai ƙarfi a kanta. Na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa a nan Zariya sau biyar a cikin wata huɗu, kuma abin da na gani shi ne nake son bayyanawa ga duk mai niyyar irin wannan aiki.

Wurin yana da tsabta, a gabana ake buɗe kayan aiki daga cikin ledar da aka liƙe bayan an dafa su, kuma janareto yana tashi nan take idan an ɗauke wuta. Sai dai ba a mutunta lokacin da aka ba mutum, domin sau biyu na zauna fiye da awa ɗaya ina jira.

A zuwan farko an ɗauki hoton ƙashi irin wanda ke nuna haƙora duka a shimfiɗe a jere. Likitan ya juyo da allon kwamfuta gare ni, ya nuna mini wani wuri mai duhu a saman giɓin, ya ce wannan shi ne kogon kunci, wanda suke kira sainos. Kowane mutum yana da irinsa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, cike da iska, kuma kowanne yana da ƙaramar ƙofa zuwa hanci, shi ya sa kunci ke yin nauyi idan mura ta yi tsanani. Saiwoyin turamen sama suna dab da ƙasan wannan kogo, wani lokaci ma siririn ƙashi ne kawai a tsakaninsu. Idan aka cire haƙori aka bar giɓin shekaru, ƙashin da ke riƙe da shi yana zaizayewa daga ƙasa, kogon kuma yana faɗaɗowa daga sama. A wurina ƙashin da ya rage bai wuce milimita 4 ba, wanda ba zai riƙe ƙusa ba. Mafita ita ce a buɗe 'yar taga a gefen ƙashin, a ɗaga tantanin da ya shimfiɗe cikin kogon, a cusa garin ƙashi a ƙarƙashinsa, a jira ya haɗe. Aiki ne sananne, wanda likitoci biyu a Amurka, Boyne da James, suka fara wallafa bayaninsa a 1980.

Na ɗauka a ranar za a sa mini lokacin tiyata, sai likitan ya ce ba zai taɓa ni ba sai na kawo wani hoton da ake kira CBCT, wanda ke nuna tsawo da faɗi da zurfin ƙashi yanka-yanka. Ba su da na'urar, don haka sai na tafi Abuja. Raina ya sosu, domin ga kuɗin mota ga kuɗin hoto ga hutun aiki na kwana biyu, har na tambaye shi ko hoton farko bai wadatar ba. Amsarsa ita ce: "Malam, wancan hoton kamar inuwar gida ce a jikin bango. Ina ganin girman ɗakin, amma ba na ganin ko an raba shi da katanga."

Ashe kuwa an raba shi. Sabon hoton ya nuna wani siririn ƙashi da ya taso daga ƙasan kogon kamar kunyar gona, tsayinsa kusan milimita 7, ya ratsa daidai wurin da za a buɗe tagar, alhali a hoton farko babu alamarsa ko kaɗan. Likitan ya ɗauki kusan rabin awa yana juya hoton yana yi mini bayani da Hausa, kuma wannan zaman shi ne abin da ya fi kome daraja a cikin hidimar asibitin. Wani masanin haƙori a Landan mai suna Arthur Underwood ne ya yi cikakken bayanin waɗannan katangu a 1910, har yau kuma da sunansa ake kiran su. Ana samun su a kusan kogo ɗaya cikin uku ko huɗu, kuma masu bincike da yawa ba sa ƙirga tudun ƙashi a matsayin katanga sai tsayinsa ya kai milimita 2.5. Wasu suna samuwa tun lokacin da ƙashin fuska ke girma, wasu kuma sai bayan an rasa haƙora, inda ƙasan kogon ke lotsawa a wani wuri ya bar tudu a wani. Katangar ba cuta ba ce, mutum zai iya ƙare rayuwarsa da ita ba tare da ya sani ba. Ranar da za a yi aiki a wurin ne take zama abin kula.

Dalilin yana ga tantanin nan, wanda kaurinsa yawanci bai wuce milimita ɗaya ba, kamar fatar cikin ɓawon ƙwai. A kan shimfiɗaɗɗen ƙashi yana ɗaguwa a hankali, amma a kan bakin katanga yana mannewa sosai kuma dole ya lanƙwasa, kamar ledar tsakar ɗaki da ta hau dokin ƙofa, wadda idan aka ja ta daga gefe ɗaya a nan take yagewa. Yagewar tantani ita ce matsalar da aka fi samu a wannan tiyata, kuma idan ta yi girma garin ƙashin yana iya zubewa cikin kogon, ya jawo kumburi da ruɓa, a wasu lokutan ma sai an dakatar da aikin na watanni. Haka kuma katangar tana hana tagar ƙashin turuwa ciki kamar yadda ake so. Saboda abin da ya gani, likitan ya sauya tsari, ya ce zai buɗe ƙananan tagogi biyu, ɗaya a gaban katangar ɗaya a bayanta, ya ɗaga tantanin daga kowane ɓangare. Ya kuma gaya mini cewa ina iya haƙura da dashen in sa haƙoran roba na cirewa da mayarwa, waɗanda suka fi araha nesa ba kusa ba. Na yaba da wannan, domin a dashen ne ribarsa take.

An ɗaga ranar aikin sau ɗaya saboda murar hunturu da ta kama ni a Janairu, likitan ya ce ba a taɓa kogon da ke cike da majina. Tiyatar kanta ta ɗauki kusan awa biyu da allurar kashe zafi, ina jin ƙarar inji da dannawa amma ban ji ciwo ba, tantanin kuma bai yage ba. Kuncina ya kumbura kwana huɗu. An hana ni fyace hanci da zuƙar abin sha da tsinke na mako biyu, an ce in buɗe baki idan atishawa ta zo, kuma washegari da yamma likitan da kansa ya kira ni a waya ya ji yadda na kwana.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata asibitin ya gyara. Takardar ƙa'idodin bayan tiyata da Turanci kaɗai aka rubuta ta, a garin da yawancin masu zuwa Hausa suke ji, kuma waɗannan ƙa'idodi ne da saɓa musu ke iya ɓata aikin gaba ɗaya. Na biyu shi ne kuɗi: lissafin da aka ba ni da farko bai haɗa da garin ƙashi da shimfiɗar da ake rufe tagar da ita ba, sai ana saura kwana uku aka sanar da ni, jimillar kuma ta haura albashina na wata biyu tun ba a kai ga ƙusa ba. Mai zuwa ya nemi a rubuta masa cikakken lissafi tun ranar farko.

Duk da haka ina ba da shawarar wurin ga wanda zai yi dashe a turamen sama, musamman idan giɓin ya daɗe. Mai shan taba da mai ciwon suga su faɗi gaskiya tun a zaman farko, domin duka biyun suna jinkirta haɗuwar ƙashi, kuma an yi mini waɗannan tambayoyin kafin a duba bakina. An cire mini zare bayan kwana goma, an kuma sa mini watan Satumba in koma a sake hoto, a ga ko sabon ƙashin ya yi ƙwarin da zai karɓi ƙusoshin biyu.