GARGAƊI: mai sayar da LA-2A na bogi, ya ci min N1,850,000

Jama'ar situdiyo na Zariya da Kaduna, ku ji wannan kafin ya iso kanku. Akwai wani da ke yawo a WhatsApp yana tallar tsohon kwamfiresa (na'urar daidaita ƙarfin murya a situdiyo) mai bawul, wato kwalaben gilashin nan irin na cikin tsohon rediyo, Teletronix LA-2A, wai gadon mahaifinsa ne da ya yi aiki a wani gidan rediyo. Ɓarawo ne. N1,850,000 ya ci min. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin, kuɗin da na tara da adashe da sayar da babur ɗina.

Kafin wani ya zo yana ce min kwaɗayin araha ne, ya sani ni ba baƙo ba ne a harkar nan. Ɗan situdiyon da nake da shi a Sabon Garin Zariya, masu bege da mawaƙan siyasa sun san shi. Na san LA-2A, na san Jim Lawrence ne ya ƙera shi a Amurka, an daina yin na asalin a 1969, sai daga baya kamfanin Universal Audio suka dawo da shi. Na san mamurɗi biyu ne manya a fuskarsa, ɗaya na danne murya, ɗaya na ƙara mata ƙarfi. Kuma na yi masa tambayoyi! Na ce waɗanne bawul ne a ciki, ya ce 12AX7 biyu, da 12BH7, da 6AQ5. Daidai. Na tambayi T4, wannan ɗan gwangwanin da ke da fitila da idon da ke ganin haskenta, wanda shi ne ke sa na'urar ta danne murya a hankali ba tare da ta shaƙe ta ba, ya ce na asali ne amma ya tsufa, shi ya sa ya karya kuɗin. To wa zai ji haka ya ce ƙarya ce?

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar wuta. Muna cikin kiran bidiyo, bawul suna ja a bayansa, allurar mitar da ke fuskar na'urar tana motsi, sai ya ce: "Yallaɓai, don Allah in ya iso kar ka jona shi kai tsaye. Wutar Amurka yake ci, 110, tamu za ta ƙona shi. Ka nemi taransifoma mai rage wuta tukuna, kayan Baba ne, ba na so ya lalace a hannun kowa." Kayan Baba. Wallahi har yanzu muryar tana kunnena. Mutumin da ke tausayin na'ura haka? A nan take na tura N600,000 kafin alƙalami.

Ko da yake a'a, kiran bidiyon bayan na tura N600,000 ɗin ne, na farko hotuna ne kawai da saƙon murya. Bayan bidiyon ne na ƙara tura N1,200,000, sannan N50,000 na mota. Ku haɗa ku gani, N1,850,000.

Kaya ya iso tashar Kwangila a kwali, an naɗe shi da tsohon bargo. Nauyin ne ya fara ba ni tsoro, don na asali da taransifomomin kamfanin UTC a jikinsa ba ya zama sakayau haka. Na jona, bawul suka yi ja, na sa murya, na murɗa har ƙarshe, babu abin da ya canza sai wani ƙugi. Na ɗauka na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwar PZ, wanda ya san bawul tun ban zo duniya ba. Yana kwance murfi ya ce, "Yaro, wa ya sayar maka da wannan?" Na ce Baba lafiya? Ya nuna min da sukudireba: bawul ɗin wutar ɗumama kawai aka ba su don su yi ja, sauti bai bi ta cikinsu ko kaɗan. Gwangwanin T4 fanko. Taransifomomin murfi ne kawai aka ɗaure da noti. Wani ɗan allon amfilifaya na kasuwa aka manna da gam, shi ke kaɗa allurar. Kyan ɗan maciji.

Shi kuwa mai sayarwar, ya toshe ni tun daren da direban da ya kawo kayan ya kira ni. Ai tun kafin nan ma sunan da ke kan akawun ɗin ya bambanta da nasa, ya ce na ƙanensa ne, kuma rabin 'yan kasuwar nan haka suke yi, kar wanda ya ce min komai a kai. "Kar ka jona shi kai tsaye, Yallaɓai." Allah ya isa tsakanina da kai.

Na kai ƙara, na kuma sanar da banki. Hotunan hirarmu, rasit uku, bidiyon da hoton cikin akwatin duk zan ɗora su anjima in na rufe abin da ya kamata a rufe.

Kar ku tura ko sisi sai an buɗe murfi a gabanku, da mai gyaranku a tsaye, kun sa murya kun ji. In wani ya taɓa turo muku hoton LA-2A a kan jan kafet da labarin gado, ku yi min magana ta inbos, ina tara mu ne.