Sharhi: littafin wasan da na auna tauraruwata da shi

Duk mai rubuta fanfik, wato labarin da ake ɗorawa a kan duniyar wani fim ko katun, ya san ciwon nan: ka ƙirƙiro tauraro, ka yi ta loda masa baiwa, kafin labari ya yi nisa babu sauran mai iya ja da shi. Tawa tana jefa wuta, tana ɓacewa ta ɓulla wani wuri, tana karanta abin da ke zukatan mutane, rauninta kuma yana warkewa da kansa. Da masu karatu a Wattpad, dandalin wallafa labarai a intanet, suka fara tambayar "to wa zai iya da ita?" sai wani aboki ya ce in gwada Mutants & Masterminds.

Littafin dokokin wasa ne na kamfanin Green Ronin da ke Amurka. Steve Kenson ya tsara shi, ya fara fitowa a 2002, ni kuma bugu na uku na yi aiki da shi. Ba don marubuta aka yi shi ba. 'Yan wasa ne ke zama a teburi, kowa da jaruminsa, suna jefa ɗan lido mai fuska 20. Ban damu da wasan ba, ma'aunin nake so.

A wasan, jarumi na yau da kullum yana mataki na 10 a ma'aunin ƙarfi, ana ba shi maki 150, da su zai sayi komai: ƙarfin jiki, basira, gwaninta da baiwa. Wutar da ake jefawa daga nesa maki 2 ce a kowane matakin ƙarfinta, ɓacewa ma haka. Sannan akwai iyaka. Idan aka haɗa iya saiti da ƙarfin bugu, jimlar ba za ta wuce 20 ba, haka ma iya kaucewa da taurin jiki. Mai bugu kamar aradu sai ya riƙa kuskure, wanda ba ya kuskure kuwa bugunsa ba zai yi nauyi ba. Da na zuba tauraruwata a takarda yadda take a labari, makin ya ƙare tun ban zo kan warkewa ba.

Abin da ya biya ni shi ne dokar da suke kira Alternate Effect. Ka sayi wuta da maki 20, sai ka ƙara maki 1 kacal ka sami ɓacewa a jikinta, da sharaɗin ba za ka yi amfani da su a lokaci guda ba. Wannan sharaɗin ya gyara mini faɗa fiye da duk shawarar da na taɓa karantawa. A wani babi an rutsa ta a saman bene, ƙaninta yana kwance jina-jina. Da can sai ta ƙone maharan, ta sunkuci yaron, ta ɓace, duk a sakin layi ɗaya. Yanzu in ta kunna wuta ba hanyar gudu, in ta rungumi yaron za ta ɓace sai ta sauke wutar, ta bar bayanta a buɗe na ɗan lokaci. Ban rage mata baiwa ko ɗaya ba, amma dole ta zaɓa, kuma mai karatu ya san me za ta rasa.

Akwai kuma dokar yunƙurin da ya wuce ƙima: jarumi zai iya matsa wa kansa ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, sai gajiya ta biyo baya, daga kasala zuwa galabaita zuwa faɗuwa. Na ɗauke ta yadda take.

Inda littafin ya gaza mini ba laifinsa ba ne sosai, don faɗa yake aunawa, ba labari ba. Hangen abin da zai faru nan gaba maki 4 ne rak a cikin 150. Karanta zuciya kuɗinsa ɗaya da jefa wuta. Alhali wuta ba ta taɓa lalata mini labari ba, karanta zuciya ne ya hana ni rubuta cin amana, ƙarya, ko soyayyar da ake ɓoyewa, tunda kallo ɗaya ya ishe ta. A takarda lissafi ya daidaita, a labari kuwa babu sauran asiri. Sai da na yi mata tawa dokar: sai ta taɓa mutum, kuma shi ma zai ji abin da ke ranta.

Turancinsa ba mai wuya ba ne, amma jadawali da lissafi sun yi yawa, kuma babban kaso na littafin dokokin fafatawa ne da marubuci ba ya buƙata. Babin baiwa da sashen matsalolin jarumi, irin su maƙiyi, sirri da nauyin iyali, su ne naka. Ainihin dokokin suna nan kyauta a intanet, don haka a fara duba su kafin a fitar da dala. Mai jarumi da baiwa ɗaya ko biyu ba ya buƙatarsa. Mai huɗu zuwa sama, musamman in da faɗa a kowane babi, ya ware yammaci ɗaya da biro da takarda.