Katin memori na tarihin Musa Kusa: wurin da ya ci kuɗinsa da wurin da ya yi tuntuɓe

A rumfunan masu tura waƙoƙi da wa'azi da ke gefen Babbar Kasuwar Maraɗi ana samun wani karatu da Hausa, kashi shida, kan Musa Kusa, ministan harkokin wajen Libiya a ƙarshen mulkin Gaddafi. Turi kaɗai dala ɗari ne, da sabon kati kuwa jika biyu. Kowane kashi kusan minti arba'in.

Kashi na biyu da na uku su ne naman miyar. Mai karatun ya gane cewa kujerar minista ba ita ce ƙarfin Kusa ba. A 1980 yana shugabantar ofishin jakadancin Libiya a Landan, Ingila ta kore shi bayan ya fito fili ya goyi bayan kashe 'yan adawa da ke gudun hijira. Daga 1994 zuwa 2009 shi ke riƙe da hukumar leƙen asiri ta waje, kuma da hannunsa a tattaunawar da ta sa Gaddafi ya watsar da shirin makaman ƙare dangi a Disamba 2003. Ministan da ya zama a Maris 2009, bayan Abdurrahman Shalgam, shekara biyu kawai ya yi. Ran 30 ga Maris 2011 ya sauka Ingila ta hanyar Tunisiya, daga baya ya wuce Katar. An jera wannan daidai, har da bayanin cewa a tsarin Jamahiriyya, wato tsarin mulkin Gaddafi, ba "minista" ake cewa ba, sakataren kwamitin jama'a ake cewa.

Tuntuɓen yana kashi na huɗu, a kan abin da ya shafi ƙasarmu kai tsaye: jirgin saman kamfanin UTA na Faransa da ya tarwatse a hamadar Tenere ran 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka mutu. Mai karatun ya sa Kusa cikin waɗanda kotun Paris ta yanke wa hukunci a 1999. Ba ya cikinsu. 'Yan Libiya shida aka hukunta a bayan idonsu, fitaccensu Abdullahi Sanusi, wanda matarsa da matar Gaddafi 'yan'uwa ne. Haɗa mutanen biyu ba ƙaramin kuskure ba ne ga mai sauraro a Nijar. Kashi na shida kuma ya tsallake takardun da aka gano a ofishin leƙen asirin da Kusa ya riƙe a Tarabulus a Satumba 2011, masu nuna yadda Ingila da Amurka suka taimaka aka mayar da Abdulhakim Balhaj, ɗan adawar Gaddafi, hannun Libiya a 2004.

Sai katin kansa. Ƙananan rediyoyi masu cin memori suna bin jerin da aka tura, ba sa duba lamba, shi ya sa wani lokaci kashi na biyar ke riga na ɗaya. Ka ce wa mai rumfa ya goge katin, ya tura ɗaya bayan ɗaya. Gaba ɗaya bai kai jiga (GB) guda ba, don haka kar a sayar maka da babban kati. Masu arha da aka rubuta musu jiga 32 galibi na jabu ne, turin kan lalace. Ka buɗe kashi na ƙarshe, ka saurari wutsiyarsa kafin ka biya. Muryar kashi na huɗu ƙasa take, sai da abin kunne.