Allo ko randa: ta ina za a fara koyar da fizik?

Malama, barka da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Kin ce an ba ki ajin katriyem da turwaziyem, wato aji uku da aji huɗu na sakandare, a wata lise (makarantar sakandare) a Garwa da ke arewacin Kamaru, ɗalibai sun haura 80 a aji, ɗakin gwaji kuma babu. Kina so a kwatanta miki hanya biyu: a rubuta fomula a allo a bi ta da ayyukan lissafi kamar yadda aka koyar da mu, ko a fara da abin da yaro ya baro a gida, randa da igiya da babur, daga baya a zo kan lissafi. Na bi duka biyun a Marwa, ga abin da na gani.

Hanyar allo tana da abin yabo, kada a raina ta. Tana da sauri, ba ta cin ko sisi, aji yana zama tsit, manhaja kuma tana ƙarewa kafin jarrabawa. Yaro yana koyon jera amsa, ya rubuta abin da aka ba shi, ya zaɓi fomula, ya juya santimita zuwa mita, ya sa ma'auni a ƙarshen amsa. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, maki ne a BEPC, jarrabawar da ake yi a ƙarshen turwaziyem, kuma ba a koyonsu a gindin rijiya. Akwai ma darussan da ba su da wata ƙofa sai allo, kamar ginin ƙwayar zarra, don ba abin da za ki ɗauko daga madafa ki ce ga ilektaron.

Inda take gazawa shi ne ba ta taɓa abin da yaron ya riga ya yarda da shi. Ɗalibinki bai zo aji da kai fanko ba. Ya tura kura a kasuwa, ya ga da zarar ya saki ta tsaya, sai ya yanke cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi. Ya ga dutse ya riga takarda isa ƙasa, ya yanke cewa mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. Ra'ayin Aristotil ke nan, wanda masana suka riƙe kusan shekara 2,000 kafin Galileyo ya girgiza shi, Niyuton kuma ya kafa dokokin motsi a 1687. Ki rubuta dokar a allo, yaron zai haddace, ya ci jarrabawa, ya koma gida da tsohon ra'ayinsa lafiya lau. An auna wannan. A 1998 wani malamin fizik na Jami'ar Indiyana a Amurka, Richard Hake, ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 daga kwasa-kwasai 62, an gwada fahimtarsu kan motsi kafin darasi da bayansa. Waɗanda aka yi wa lacca zalla sun cike kimanin kashi 23 cikin 100 na giɓin da suka zo da shi. Waɗanda aka sa su hasashe da gardama da gwaji sun cike kimanin kashi 48. Amurka ba Garwa ba ce, amma yaron da ya haddace bai gane ba na san shi a ajina.

To, hanyar randa fa? Nan ne nake so ki natsu, ƙanwata, don tana da fuska biyu, kuma yawancin masu yabonta fuska ɗaya suke nufi. Akwai malamin da zai shigo ya ce, kun san randa tana sanyaya ruwa ko? Yara su ce e. Ya ce to wannan fizik ne, a yi dariya, ya juya ya rubuta fomula. Wannan bai bar hanyar allo ba, hira ya ƙara mata, ya kuma ci minti goma. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma ganin da ba a auna ba shi ne ya haifi kuskuren kura da dutse tun farko.

Fuska ta biyu ita ce a sa yaro ya yi hasashe ya rubuta, a gwada, a auna, sannan fomula ta zo ta bayyana lambobin da shi da kansa ya samo. Ɗauki randar. Ki kawo randa da bokitin roba, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, da ma'aunin zafi guda. Kowa ya rubuta wanne zai fi sanyi da digiri nawa, da dalilinsa. Da yawa za su ce ai ƙasa ce mai sanyi. Sai ki naɗe wata randar da leda ta yadda iska ba za ta taɓa jikinta ba, su ga sanyin ya gudu alhali ƙasar tana nan. Yanzu sun shirya jin bayani: ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ramukan jikin randa, yana bin iska, kuma kowane giram da ya tashi yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Don a sauke lita 20 da digiri ɗaya ana bukatar a cire kimanin jul 84,000, wato giram 35 kawai ya tashi, in da ba wani zafi da ke shigowa daga waje. Lissafin da ake gudu ga shi ya shigo, amma wannan karon yaron yana son sanin amsar. Ki kuma gaya musu cewa da wannan ilimin ne wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Gwajin da na fi so ya fi wannan arha. Igiya mai tsawon mita 1, dutse a ƙarshenta, a rataya a ƙofar aji, a ɗan ja gefe a saki. Zuwa da dawowa sau 20 zai ɗauki kusan daƙiƙa 40 a agogon waya. Ki tambaye su, in an sa dutsen da ya ninka wannan nauyi fa? Kusan duk ajin zai ce lokacin zai canja. Ba ya canjawa. Ki rage igiyar zuwa santimita 25, lokacin ya koma rabi. Manyan ɗalibai na iya fitar da ƙarfin jan ƙasa daga nan, su sami lamba kusa da 9.8, wadda a da suke karɓa daga littafi ba tare da sanin inda ta fito ba.

Kan lokaci, allo ya yi nasara, ba gardama. Gwaji ɗaya da hasashe da gardamarsa zai cinye awa guda. Kan yawan ɗalibai kuwa, bambancin bai kai yadda ake tsoro ba, don ba kowa ne zai riƙe igiya ba. Mutum uku su fito gaba, sauran su rubuta hasashe, su ɗaga hannu a ƙirga, kowa ya shawo kan na kusa da shi, a sake ƙirgawa. Kan jarrabawa, lissafin ya sauya tun da aka koma tsarin koyarwa bisa ƙwarewa, don takardar tana da sashen da ake kawo wani yanayi na rayuwa a ce yaro ya warware. Wanda bai taɓa ganin fomula a wajen allo ba, a nan yake tsayawa cak. Wanda kuma aka cika shi da labarai ba a horar da hannunsa kan lissafi ba, a ɗaya sashen yake zubar da maki.

Saboda haka ga hukuncina. Ki buɗe kowane babi da gwaji ɗaya da aka auna, ɗaya tak, sauran awannin babin ki ba allo. Ki zaɓi gwajin da zai karya hasashen yara, ba wanda zai tabbatar musu da abin da suka sani ba. Takarda da dutse, sannan ki dunƙule takardar ki sake saki su faɗi kusan tare. In da waya mai hoto, ki nuna musu ɗan sama-jannati David Scott a duniyar wata a 1971, ya saki guduma da gashin tsuntsu sun dira lokaci ɗaya don babu iska. Ga ɗan klando, wato mai haya da babur, ki sa su lissafa: in gudu ya tashi daga kilomita 30 a awa zuwa 60, nisan da babur zai ja bayan an taka birki ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Wannan darasi yana iya tsare ran wani daga cikinsu. Ga babin makamashi, madatsar Lagdo tana nan kusa da ku a kan Binuwai, tun 1982, da ƙarfin megawat 72, kuma yaran sun san abin da ke faruwa da wutar gari in ruwanta ya yi ƙasa.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kai: kada a kusanci wutar bango mai bolt 220 da sunan gwaji, batir mai bolt 1.5 da ƙaramin ƙwan fitila sun isa duk abin da ake bukata a waɗannan azuzuwa.

Ki kuma duba kalanda kafin ki tsara shekara, don yanayinmu kayan aiki ne. Gwajin goga biro a gashi ya ɗauki gutsattsarin takarda ki ajiye shi sai Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, iska a bushe, a nan yake fitowa sarai, abin da malaman Duwala ke fama da shi saboda laima. Randa kuwa ki auna ta sau biyu, a Satumba da aka dawo hutu damina ba ta gama tafiya ba, sai kuma a Maris da zafi ke kaiwa digiri 40. Ki sa su ajiye lambobin farko a littafi, su yi hasashen na biyu kafin ranar awo.