Zaɓen faifan SSD ga kwamfuta mai Linux: wanne ne ba zai ci amanar bayananka ba?

Yawancin masu sayen faifan SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta wadda ba ta da sashe mai juyawa, lambar gudun da aka rubuta a jikin kwali suke dubawa, alhali abin da ke halaka bayanai ba rashin gudu ba ne. Wata matsala takan ɓullo idan umarni biyu suka yi rige-rige a kan abu ɗaya cikin manhajar da ke sarrafa faifan, wadda masu sana'ar ke kira direba: wani sashe yana kammala rubutu, wani kuma yana soke shi saboda a ganinsa ya makara, sai kowanne ya taɓa wurin da ɗayan bai gama da shi ba. A ƙarshen shekarar 2018 masu amfani da Linux 4.19 sun yi ta samun fayiloli a lalace, aka ɗora laifin a kan ext4, tsarin da Linux ke adana fayiloli da shi, daga baya aka gano cewa kuskuren yana cikin blk-mq, wato sashen da ke jera umarnin faifai, kuma Jens Axboe, mai kula da wannan sashe, ya gyara shi. Mai saye ba shi da ikon gyara irin wannan kuskure, amma yana da ikon zaɓen faifan da ba zai ƙara masa wani a kai ba.

Ni dai zaɓina shi ne faifan SATA (tsohuwar hanyar jona faifai da kwamfuta) irin na sabar kamfanoni, wato manyan kwamfutocinsu, kamar Samsung PM893 ko Micron 5400. Gudunsa bai wuce kusan megabayit 550 a daƙiƙa ba, kuma layin umarninsa ɗaya ne tak mai ɗaukar umarni 32, saboda haka hanyoyin da abubuwa za su iya cakuɗewa kaɗan ne, direbansa kuwa ya shekara da shekaru ana gwada shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kafasitocin da ke cikinsa, waɗanda ke riƙe ɗan caji har faifan ya sauke abin da ke ma'ajiyarsa ta wucin gadi idan aka ɗauke wuta. Duk wanda ke aiki inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana ya san darajar wannan. Hatta a SATA akwai tarihin da ya kamata a sani, domin Linux ta hana wasu faifai, ciki har da Crucial M500 da Samsung 840, karɓar umarnin TRIM, wanda ke sanar da faifai wuraren da aka goge, a cikin layi saboda yana iya ɓata bayanai.

Faifan NVMe, mai sabuwar hanyar jonawa, ya fi gudu nesa ba kusa ba, tsarinsa kuma ya yarda da layuka fiye da 65,000, amma masu arha daga cikinsu sukan shiga barcin adana wuta su kasa farkawa. Na taɓa ɗora rajistar ɗalibai a kan irin wannan faifai, wata safiya na tarar da saƙo a allo cewa faifan ya daina amsawa, aikin kwana biyu ya tafi. Faifan USB kuwa na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can, ba na ɗora aiki ba.

Sai dai duk wannan kwatance ba shi da amfani idan jabu aka sayar maka. Akwai faifan da idan aka buɗe murfinsa, ƙaramin katin waya ne a ciki an manna shi da gam, an kuma sauya manhajarsa ta yadda zai ce terabayit biyu ne. Yana karɓar duk abin da ka zuba ba tare da ƙorafi ba, amma da zarar ainihin wurin ya cika, abin da ka ƙara ko dai ya ɓace ko ya hau kan tsohon. Akwai kuma tsohon faifan da aka cire daga sabar wani kamfani aka sake masa takarda. Kafin ka biya, ka nemi a jona shi a gabanka, ka duba da manhajar smartctl mai nuna bayanan lafiyar faifai ka ga lambar jikinsa ta dace da ta kwali, ka ga sa'o'in da ya yi yana aiki, ko da yake ƙwararrun 'yan damfara suna iya goge wannan lissafi. Saboda haka ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka dawo da shi idan ya faɗi gwaji, sannan a gida ka cika shi fal ta amfani da manhajar gwajin faifai f3 ko H2testw, ka karanto duk abin da aka rubuta, ka kuma bar manhajar gwaji ta fio ta kwana tana rubutu da karatu a lokaci guda kafin ka ɗora masa ko da fayil ɗaya.