Datse Sigina ko Horar da Kwamfuta?

A tsarin OFDM, wato hanyar aika saƙo ta iska da 4G da Wi-Fi ke amfani da ita, ɗaruruwan ƙananan igiyoyin rediyo ke tafiya tare. Idan suka haɗu kai ɗaya, ƙarfin sigina yakan yi tsiri, na'urar ƙara ƙarfi ta kasa ɗauka, batir ya sha wuya.

Tsohuwar dabara ita ce a datse tsirin. Ga arha ga sauƙi, sai dai tana gurɓata saƙo, ta fantsama hayaniya cikin tashar maƙwabta.

Sabuwar kuwa, kwamfuta ake horarwa da ɗimbin misalai har ta iya sassaƙa siginar, tsiri ya ragu ba tare da kurakurai sun yawaita ba. Amma tana cin lissafi, kuma in yanayin hanyar da sigina ke bi ya saɓa wa na horonta, takan rikice. A ƙaramar wayar hannu dai, ni datsewa zan ɗauka.